Allurar da Ta Kwana Cikin Ƙanƙarata

Bango ɗaya ne tsakanin shagona da kilinik ɗin majo a Mayahi, kuma gajere ne, in na taka buhun gishiri ina hangen wanda ake yi wa allura. Ni ƙanƙara nake sayarwa, da ƙullin bisab, jan lemon nan na soɓorodo da yara ke tsotsa har bakinsu ya koma kamar na tsohuwa mai cin goro. Da can manomi ne ni a ƙauyen Sarkin Hausa. Da gwiwa ta ƙi, ɗana da ke aiki a arewa ya aiko mini da babban firigo mai daskararwa, da farantan hasken rana, ya ce in zauna wuri ɗaya in daina shiga abin da ba ruwana. Zaman dai na yi. Sauran maganar, waya ce, ban ji ta da kyau ba.

Majo tsohon ma'aikacin likita ne, mutumin Korgom ta wajen Tasawa. Da ya ajiye aikin gwamnati ya buɗe wurin kanshi, yana duba zazzaɓi da hawan jini. Abin da ya ɗaga wurin shi ne allurar matafiya. A da, wanda zai tafi Umara sai ya je Maradi ya bi layi kafin a yi mishi allurar sanƙarau, a ba shi karne, ɗan littafin shaida mai ruwan ɗorawa da tambari a ciki. In babu karnen nan babu tafiya. Da majo ya samu izinin yin ta, sai mutanen ƙauyuka sunka huta, suna zuwa kan amalanke da babur, a yi musu, su sayi ƙanƙarata su koma. Kowa ya ji daɗi, har ni.

Firigon majo na kuran ne, wutar lantarkin gari. Kuran kuwa in bazara ta kama, baƙo ne da ba ya sallama, zuwa ko tafiya. In ya ɗauke ya daɗe, sai majo ya miƙo mini wata kula shuɗiya ta kan bango, ya ce, "Maƙwabci, sa mini wannan cikin sanyi har wuta ta dawo." Iyakar maganar ke nan. Ni kuma lakwal, makarantar boko, ban zauna ba balle in san abin da anka rubuta a jikin kwali, amma na san yadda ake karɓar kayan mutum. In baƙo ya zo gidanka ba ka barin shi bakin ƙofa cikin rigar tafiya. Na ga kular nan a rufe ruf, na ce ta ina sanyi zai shiga? Sai in buɗe, in fiddo ƙananan kwalayen, in kawar da bisab ɗina, in shimfiɗa su can ƙasa tsakanin manyan ƙanƙara, wurin da ya fi ko'ina daraja a firigon. In kuran ya dawo in maida su cikin kula, in miƙa ta kan bango, shi kuma ya juye su cikin nashi firigon yana ta godiya. Bai taɓa tambaya ba, ban taɓa faɗi ba. Alheri ba a tallarshi.

A shekarar da nake magana, azumi ya faɗo cikin zafi, kuma matata za ta tafi Umarar azumi. Tun muna ƙauye take faɗin tana so ta sha ruwa ko sau ɗaya tana kallon Ka'aba. Yara sun haɗa ƙarfi sun biya mata kujera, za ta tafi da ayarin matan unguwa, jirgin farko. Ta zaga dangi ta nemi gafara, ta raba kajinta, jakarta a ɗaure take a kan gado, ni ina kwana a gefe kamar ɗan haya. An riga an yi mata allurar a wurin majo. Ranar da abin ya faru, karnenta ta je karɓa, don mutumin azansin da ke shirya musu tafiyar zai zo da la'asar ya tattara takardu ya wuce da su Yamai.

Da hantsi farar mota ta tsaya ƙofar kilinik. Mun san irinta. Kwanakin nan ana ta maganar masu binciken wuraren magani da ke zagawa ba sanarwa, an ce sun rufe wani wuri a Tasawa, an ce ba su shan ko ruwan mai wuri. Mutum biyu sunka fito, wani dogo mai tabarau da ba ya magana, da wata mace gajera mai jaka a kafaɗa, ita ce babbar. Na ga majo ya fito yana ɓalla maɓallin farar rigarshi a karkace. Matan da ke kan benci sunka zuba ido, har da matata, karnenta sabo a hannu.

Na bar shago a buɗe na zagayo. Na ce ranar da maƙwabci ke bukatar shaida ke nan.

Mai jakar tana buɗe baki ta gaida mutane na ji Hausarta da ƙamshin kogi. Bazabarma ce. Ni kuwa Bagobiri ne, zanen a fuskata yake, ba a tambaya. Tsakaninmu da su wasa ne tun kakanni, ko a gaban alƙali.

Na ce, "Madam, kin shigo garin iyayen gijinki ba ki durƙusa ba."

Ta dube ni daga hula zuwa takalmi. "Wa ya kwance wannan Bagobirin?" ta ce wa majo. Sannan ta juyo. "Baba, jira ni in gama. Kai za ka ɗaukar mini jaka zuwa mota, aikin da kakanka ya yi wa kakana."

Mata sunka yi dariya ƙasa-ƙasa. Na ce a raina, shi ke nan, na tausasa ta, majo ya ci bashin godiya. Na kafa kaina a tagar ɗakin allura.

Ba ta tausasa ba. Ta nemi takardar izini, ta karanta har ƙasa. Ta buɗe famfon wankin hannu ta tsaya ta ga ruwa ya zubo. Ta leƙa kwalin da ake jefa allurar da anka yi aiki da ita, ta tambayi inda ake ƙona shi, ta ce a kai ta, anka kai ta bayan gida ta tona tokar da tsinke. Dogon yana biye yana rubutu. Duk abin da ta tambaya majo ya amsa, amma na ga gumi ya jiƙa mishi wuyan riga, kuma fanka tana juyawa, ranar akwai kuran. Ba wanda ya yi tari a kan benci. Wata tsohuwa tana jan tasbaha da sauri kamar ana binta.

Sai ta zo kan firigo. Ta buɗe, dogon ya sa wani ɗan ƙarfe mai auna sanyi, sunka jira, ya gyaɗa kai. Na ji majo ya sauke numfashi. Ta ɗauko kwali ɗaya ta duba ranar lalacewa, ta maida. Ta ɗauko na biyu. Ta juya shi, ta matsa da yatsa, kwalin ya lotsa kamar wanda ya sha ruwa ya bushe. A gindinshi akwai jan tabo.

"Majo, wannan jini ne?"

"A'a, madam."

"To mene ne?"

Majo ya karɓa ya duba, ya kai kusa da ido, ya nisanta. Bai sani ba, da gaske bai sani ba. Ta ɗauko wani, shi ma da tabon. Ni kuma na ga za a ɗora wa mutumin kirki ƙazanta, a ce jini a firigon magani, a rufe mishi wuri a kan abin da ni na san asalinshi.

Na ce ta taga, "Madam, bisab ne. Nawa ne. Wani ƙulli ya fashe."

Ta juyo a hankali. "Bisab ɗinka ya shigo nan ya yi me?"

"Ba shi ya zo ba, maganin ne ya je. In an ɗauke kuran wurina yake kwana." Na gyara tsayuwa, don na ga kowa ni yake kallo. "Kuma ki rubuta, ki kai wa manyanku. Duk ƙasar nan babu maganin da ya sha sanyi kamar na majo. Can ƙasa nake sa shi, cikin manyan ƙanƙara. In na fiddo kwalbar nan sai ta zama tsakuwa, ko kin girgiza ba ta motsi. Ku a Yamai ba ku da irin wannan sanyin."

Na jira dariya, ba ta zo ba. Dogon ya daina rubutu. Majo ya ja baya ya zauna a kan gadon marasa lafiya, da kwalin a hannu.

"Maƙwabci," ya ce, muryarshi kamar ta wani, "fidda su kake yi daga cikin kular?"

"To da in bar su cikin zafi?"

Ya sa hannu ya rufe fuska.

Matar ta ce, "Baba, zo ka nuna mini."

Tafiyar daga ƙofar majo zuwa tawa ba ta kai jifa ba, amma ban taɓa yin mai nisanta ba. Mutanen bakin titi sun taru. Na ɗaga murfin firigo, hayaƙin sanyi ya taso, na nuna mata gurbin da nake share wa maganin, har da tsumma mai tsabta da nake shimfiɗawa. Dogon ya sa ƙarfenshi, ya jira, ya nuna mata. Ta tambaye ni tun yaushe. Na ce tun shigowar zafi. Ta ce sau nawa. Na ce ai ba a ƙirga wa maƙwabci. Ta ce kwalayen nan duka, ko wasu. Na ce ni ba na bambanta baƙi.

Ta daɗe tana kallon tsumman. Sannan ta ce, "Ka rufe, kada ƙanƙararka ta narke."

Da munka koma ta tsaya gaban benci ta yi wa mata bayani, da Hausarta mai gargada, a hankali don kowa ya ji. Ta ce magani iri-iri ne. Akwai wanda ƙanƙara ba ta yi mishi komai. Wannan na sanƙarau da ke hannun majo na ruwa ne, sanyi yake so wanda ya fi na randa amma bai kai na ƙanƙara ba, amma in ya daskare ba a ƙara yarda da shi, ko da ya narke ya koma kamar yadda yake a ido. Ta ce ba zai cutar da wanda anka yi wa ba, sai dai ba wanda zai iya rantsuwa cewa ya kare shi. Ta ce wurin da za su, mutanen duniya ne kafaɗa da kafaɗa, numfashin wani cikin na wani. Sannan ta juya ga majo, ta yi mishi magana da Faransanci. Ban ji ba, amma na ga yatsanta yana nuna bango, yana nuna kula, yana nuna ƙirjinshi. Daga baya na ji abin da ta ce: maganin da ya fita hannunka ba tare da ma'aunin sanyi ba, ka bar sanin abin da kake sa wa mutane.

Ta dawo Hausa. "Duk wadda anka yi wa allura a nan tun farkon zafi, karnenta ba ya aiki. Sai an sake. Wa ke nan a cikinku?"

Ba wadda ta motsa. Kowa ya san allurar nan tana da kwanakin da take bukata a jiki kafin a bar mutum ya shiga ƙasar, kuma kowa ya san jirgin farko ya matso. In an sake yau, kwanakin ba su cika ba.

Matata tana can ƙarshen benci, kusa da ƙofar baya wadda ke fita lungun gidanmu. Karnen ya riga ya shige cikin mayafinta. Na san za su duba rubutun majo su ga waɗanda anka yi wa, amma kafin su gama wannan mutumin azansi ya zo ya wuce, takarda ta yi Yamai, wa zai bi ta? Na kama idonta. Na karkata kai wajen ƙofar. Na ƙara karkatawa, har wuyana ya yi ƙara. Na yi mata alamar da nake yi mata tun farkon aurenmu in baƙon da ba mu so ya daɗe: tashi, na tare miki.

Ta dube ni. Ta dubi ƙofar. Hannunta yana cikin mayafi, ina ganin yatsunta suna motsi.

Abin da na manta a lokacin, ita ba ta taɓa mantawa ba. Tana budurwa, wata bazara irin wannan, sanƙarau ya shiga ƙauyensu. Ƙanenta da ke bi mata, a kan cinyarta wuyanshi ya sanƙare, ita ta riƙe kanshi cikin amalanke har gidan likita, kuma da gawa sunka dawo. Ba ta yawan faɗi. Amma ko jikokinmu sun ce wuya na ciwo sai ta tashi tsaye.

Ta tashi tsaye. Ta fiddo karnen, ta tako har gaban matar.

"Ni ce, ɗiyata. An yi mini."

Na ce, "Ke, zauna, ba ki fahimci tambayar ba."

"Malam," ta ce, ba ta ko dube ni ba, "ka yi maganarka ta yau. Bar mini tawa."

Da ta miƙa, sai wata ta tashi, sai wata. Matar tana karɓa tana miƙa wa dogon. Na ga karnen matata ya shiga jaka, sabo, ko lanƙwasa bai yi ba.

Sai na yi abin da ya rage mini. Na cire hula, abin da ban yi wa kowa ba tun rasuwar mahaifina, na matsa kusa da ita na yi ƙasa da murya. Na ce, "Bazabarma, kin san al'ada. In abokin wasa ya roƙe ki a gaban mutane ba ki hana shi. Tsohuwar nan tun kafin a haife ki take jiran wannan azumin. Ni na yi ɓarnar, ni za ki kama. Ba ta takardarta."

Na ga maganar ta shige ta, don ta sauke ido, ta gyara igiyar jakarta ba tare da dalili ba. A lokacin na yi zaton na samu.

"Baba," ta ce, "da motar nan ka roƙa, da na ce direba ya ba ka makulli mu koma a ƙasa. Wannan ba nawa ba ne. Kuma inna ba ta roƙe ni ba. Maida hularka, rana tana dukan sanƙonka."

Abin da ta iya yi ta yi. Ta kira waya Maradi, wurin allurar gwamnati, ta ce akwai mata da za su zo da safe, a yi musu ba layi. Ta manna takarda a kan firigon majo, anka kwashe kwalayen cikin wani buhu anka ɗaure. Ta ce ya ci gaba da duba marasa lafiya, amma allurar matafiya ya tsaya, sai ya samu firigo mai hasken rana da ma'aunin sanyi, sun dawo sun gani da idonsu. Da za ta shiga mota ta miƙo mini jakar. Na ɗauka. Na kai mata har kujera, ba wanda ya yi dariya.

Da la'asar mutumin azansi ya zo. Ya ji labari, ya lanƙwasa yatsu yana lissafin kwanaki, ya sake daga farko kamar za su ƙaru, ya girgiza kai. Jirgin farko ya wuce su. Jiragen azumi kuwa duk sun cika. Sai bayan Salla.

Washegari ni na raka su Maradi, na zauna bayan mota kusa da taya, ba wadda ta yi mini magana sai wata da ta ce in janye ƙafata daga kan buhunta. Anka yi musu allura. Na tsaya daga nesa, hannuwana a baya, don kada a ce na taɓa wani abu.

Gari ya zage ni iyakar iyawarshi. Wasu sun ce bakina ya rufe wa majo abinci, wasu sun ce hannuna, wasu kuma sun ce gara da na yi surutun, ko da ba don Allah na yi ba. Amma azumi ya kama cikin zafin da ke fasa tukunya, duk mai zagina da hantsi yana cikin layin ƙanƙara kafin magariba. Majo ya daɗe ba ya amsa sallamata da kyau. Ya sa magini ya ƙara wa bangon tsawo. Yanzu ko na taka buhun gishiri siminti nake gani. Firigonshi sabo yana da kwaɗo, makullin a wuyanshi yake kwana, kuma masu farar motar sun dawo sun buɗe mishi.

Matata ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ranar da sauran matan ayarin, waɗanda ba majo ya yi musu allura ba, sunka tashi, ta raka su tasha, ta riƙe musu kaya, ta dawo ta sauke jakarta daga kan gado ta tura ƙarƙashi. Ta share tsakar gida wadda ta riga ta share. Duk azumin nan, in an kusa shan ruwa, sai in zaɓo mata ƙanƙara mafi kyau in sa a kwanonta. Sai ta ce ta gode, ta miƙa wa jikoki, ta ɗebi ruwan randa ta sha. In ana nuna Ka'aba a talabijin ɗin maƙwabta lokacin buɗa-baki, ba ta shiga. Tana zama bakin ƙofa inda sautin ke iso ta.

Bayan Salla ta tafi, da karnen Maradi. Ba azumi ba ne, ta sani, na sani, ba mu taɓa faɗin haka da baki ba. Da asubar tafiyar, mota tana jira, ta zaga gida tana nuna mini abubuwa: ga hatsi, ga makullin ɗaki, ga dusa. Ta tsaya wurin akuyarta da ke ɗaure gindin itacen bedi, ta shafa mata wuya.

"Malam, wannan ka bar ta inda na ɗaure ta," ta ce. "Ruwa da dusa kawai. Kada ka karrama ta."